"Wai Ana Sallama" Alhali Babu Kowa a Ƙofa: Yadda Ƙari Ke Tsirowa a Ƙwaƙwalwa

Daga wata 'yar aji biyu, Kulob ɗin 'Yan Jarida



Ranar 8 ga watan Yuni ta kowace shekara ita ce Ranar Ƙarin Ƙwaƙwalwa ta Duniya. Wata ƙungiya ce a ƙasar Jamus ta fara ware ta a shekarar 2000. A nan wajenmu ranar takan zo ta wuce kowa yana ta kan shuka da duban hadari, shi ya sa kulob ɗinmu ya ba ta fili a bangon wannan fitowa. Rubutun ya ɗan yi tsawo. Wanda aka kaɗa ƙararrawa bai gama ba, ya dawo lokacin tara ya ƙarasa.

Jikin ɗan'adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, waɗanda a darasin kimiyya muke ce wa sel. A jikin babban mutum sun kai wajen tiriliyan 30, kuma dukkansu daga ƙwaya ɗaya suka samo asali. Ɗaya ta rabu ta zama biyu, biyu suka zama huɗu, haka har mutum ya cika. Ku tuna ranar da lauje ko reza ta taɓa yankar ku. Bayan kwana kaɗan fatar ta haɗe. Ƙwayoyin da ke bakin ciwon ne suka yi ta rabuwa har suka cike gurbin. Amma abin lura a nan shi ne, da gurbin ya cika sai suka tsaya. Ba su ci gaba sun tara maka tsoka kamar curin tuwo a yatsa ba. To wa ya ce musu su fara, kuma wa ya ce musu ya isa? Ƙari yana fitowa ne idan amsar tambaya ta biyu ta lalace.

Ƙwan kaza, dafin maciji da miyaun ɓera

Wadda ta fara buɗe wannan ƙofa mace ce, wata likita 'yar Italiya mai suna Rita Levi-Montalcini. A 1938 gwamnatin ƙasarsu ta yi dokar hana Yahudawa aiki a jami'a, sai ta mai da ɗakin kwananta wurin bincike, tana fasa ƙwan kaza tana duba yadda jijiyoyin ɗan tsako ke tsirowa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta koma Amurka. A can ta ga cewa idan aka ɗora gutsuren ƙarin ɓera a jikin ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, jijiyoyinsa sukan tofu fiye da kima. Ke nan akwai wani sinadari da ke fita daga ƙarin yana ce wa jijiyoyi su girma.

Abokin aikinta Stanley Cohen shi ya shiga neman wannan sinadari. Ya yi amfani da dafin maciji a wani gwaji, sai ya tarar dafin ma cike yake da shi. Tun da dafi daga wajen da miyau ke fitowa yake zuwa, sai suka koma duba kaluluwar miyau ta ɓera, suka kuwa same shi da yawa. Ana cikin haka Cohen ya lura da wani abu daban. Jariran ɓera sukan buɗe ido ne bayan kwana 12 zuwa 14 da haihuwa. Waɗanda ya yi wa allurar ruwan wannan kaluluwa kuwa, a kwana 7 idonsu ya buɗe, haƙoransu ma suka riga lokaci fitowa. A 1962 ya ware sinadarin da ke yin wannan aiki. Shi ne ake kira EGF a taƙaice, wato sinadarin da ke sa fata girma. Su biyun aka ba kyautar Nobel a 1986. Ita Rita sai da ta shekara 103 a duniya, ta rasu a 2012.

Miyaun mutum ma yana ɗauke da EGF, kuma ana ganin wannan na cikin abin da ke taimakon dabbobi idan suna lasar ciwonsu. Amma don Allah kada wani ya karanta nan ya je yana tofa wa gyambo miyau, domin bakinmu cike yake da ƙwayoyin cuta.

Yadda saƙon ke shiga gida

Irin waɗannan sinadarai ana ce musu sinadaran girma, kuma suna da yawa. Abin da ya fi burge ni game da su shi ne ladabinsu. Ba sa kutsa kai cikin ƙwayar halitta. Kamar baƙo suke, wanda zai tsaya a ƙofar gida ya yi sallama.

Ku ɗauki ƙwayar halitta a matsayin gida mai katanga. Can ciki akwai turakar maigida, inda aka ajiye littafin umarnin halitta da ake kira DNA. A jikin katangar kuma akwai wasu furotin da suka ratsa ta, rabinsu a waje, rabinsu a ciki. Su ne makarɓan saƙo. Aikinsu irin na yaron da ke zaune a zaure ne: ya ji sallama, ya ruga ciki ya ce, "Wai ana sallama da maigida." Makarɓin da ke sauraron EGF shi ake kira EGFR. Ku riƙe wannan suna, don shi ne babban ɗan wasan wannan labari. A jikin lafiyayyar ƙwaya guda ana samun irinsa daga dubu 40 zuwa dubu 100.

Idan EGF ya zo ya maƙale a ɓangaren waje, makarɓi ɗaya ba ya iya kai saƙo shi kaɗai. Sai ya haɗa kafaɗa da ɗan'uwansa sun zama biyu, kamar yadda ake neman shaidu biyu kafin a yarda da magana. Da sun haɗu, wutsiyoyinsu da ke cikin gida sai su manna wa juna wani ɗan abu mai suna fosfet. Shi wannan fosfet dangin harafin P ɗin nan ne da ke jikin buhun takin NPK. A nan aikinsa irin na hatimi ne a kan takarda: duk wanda ya gan shi ya san saƙon na gaske ne.

Daga nan saƙo ya shiga hannu da hannu. Wani furotin mai suna RAS ya karɓa ya miƙa wa RAF, RAF ya miƙa wa MEK, MEK ya miƙa wa ERK, shi kuma ERK ya shiga turaka ya sa a buɗe shafin da ke cewa a rabu biyu. Kamar dai yaro ya gaya wa yayarsa, ita ta gaya wa uwargida, uwargida ta shiga ta tashi maigida. Akwai kuma wata hanya ta biyu da ke bi ta hannun PI3K da AKT. Saƙonta shi ne: ki ci abinci, ki yi ƙiba, kada ki mutu. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin lafiyayyar ƙwaya idan ta lalace ƙwarai takan kashe kanta da kanta don ta ceci sauran jiki.

Duk wannan cikin 'yan mintoci yake faruwa, kuma ba ya daɗewa ake rufe shi. Ƙwayar takan haɗiye makarɓin da ya gama aiki ta narkar da shi. Sannan a cikin gidan akwai dattawa masu cewa, "To an ji, ya isa haka." Ɗaya sunansa NF1, shi ke kwantar da RAS. Ɗayan kuma PTEN, shi ke goge abin da PI3K ya rubuta. Masu babur za su fi ganewa idan na ce EGFR totur ne, su PTEN kuma birki.

A cikin ƙoƙon kai

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta wuce nauyin kilo ɗaya da rabi ba, amma tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86. Su ne muke tunani da hadda da lissafi da su. Yawancinsu da zarar sun nuna ba sa sake rabuwa, shi ya sa ba kasafai ƙari ke fitowa daga cikinsu ba. Kewaye da su akwai wasu ƙwayoyin masu yi musu hidima, suna ciyar da su, suna share musu wuri, suna naɗe musu wayoyinsu. Sunansu giliya, daga kalmar Girkanci mai nufin danƙo. Su da ƙwayoyin da ke haifar su suna iya rabuwa, don haka suna sauraron sinadaran girma. Ƙarin da ya fito daga wannan dangi shi ake kira giliyoma. Likitoci sun kasa shi mataki huɗu, daga na 1 mai tafiyar hawainiya zuwa na 4 mai gudun tsiya. Mafi muni a mataki na 4 shi ne giliyobilastoma, kuma ya fi kama manya, musamman waɗanda suka haura 60.

Ba kowane ƙari ne kansa ba. Akwai wani mai suna maninjiyoma da ke fitowa daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, tantanin nan da cutar sanƙarau ke kamawa lokacin zafi. Yawancinsa ba ya cin naman da ke kusa da shi, a dunƙule yake zama. Sai dai ƙoƙon kai ba kamar ciki ba ne da zai buɗe ya ba da wuri. Rufaffiyar tukunya ce ta ƙashi. Duk abin da ya ƙaru a ciki, ko mai kirki ne, ƙwaƙwalwa zai danne.

To yaya saƙon ke lalacewa? A 1984 wasu masana a Landan suka gano wani abin mamaki. Akwai wata ƙwayar cuta da ke sa wa kaji kansar jini, kuma makamin da take amfani da shi ba komai ba ne illa EGFR da aka gutsure wa ɓangaren waje. Wato yaron zaure ne da ba shi da kunne, amma ƙafarsa ba ta gajiya. Shekara ɗaya bayan nan, a 1985, aka duba ƙarin ƙwaƙwalwar mutane aka ga EGFR ya yi yawa fiye da kima a cikin wasunsu.

Ga abin da ke faruwa. Kowace ƙwaya tana da kwafi biyu na umarnin ƙera EGFR, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, a kan kuromosom na 7. A wajen kashi 40 cikin 100 na masu giliyobilastoma, ƙwayar takan yi kuskure ta buga kwafi gommai. Sai katanga ta cika da makarɓa, har su haura miliyan a ƙwaya ɗaya. Ku yi tunanin zaure mai yara hamsin. Baƙo ya yi sallama sau ɗaya, maigida ya ji ta sau hamsin. Ga cunkoso kuma, har makarɓan kan riƙa gogar juna suna haɗa kafaɗa ba tare da kowa ya zo ba.

A kusan rabin waɗannan kuma akwai wata ɓarnar a kan ta farko. Wani yanki na ɓangaren waje, mai ɗauke da tubala 267 na furotin ɗin, yakan ɓace gaba ɗaya. Wannan guntun makarɓi sunansa EGFRvIII. Ba ya iya riƙe EGF ko kaɗan, amma dare da rana yana cikin gida yana cewa, "Wai ana sallama," alhali babu kowa a ƙofa. Ba da ƙarfi yake faɗa ba, shi ya sa ƙwayar ba ta saurin haɗiye shi ta narkar kamar yadda take yi wa na ƙwarai. Wani lokaci ma ƙarin da kansa ne ke ƙera sinadarin girman, ya fitar da shi waje, ya sake karɓa. Mutanen gida ne ke zagayawa su yi wa kansu sallama.

Da dattawan gidan suna nan da sauƙi. Amma PTEN yana kan kuromosom na 10 ne, kuma yawancin giliyobilastoma sukan yar da kwafi ɗaya na wannan kuromosom ɗungurungum. Totur ya maƙale, birki ya tsinke. A 2008 wani babban bincike a Amurka ya karanta DNA ɗin irin wannan ƙari daga majinyata da dama, ya tarar a kashi 88 cikin 100 akwai lalacewa a wani wuri a kan wannan hanya: ko a ƙofa, ko a tsakar gida, ko a wajen dattawa. Saboda muhimmancin abin, tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa yawaitar kwafin EGFR cikin alamomin da ake tabbatar da giliyobilastoma da su.

Ƙarin da ke girma haka yana buƙatar abinci da iska. Idan tsakiyarsa ta fara shaƙewa sai ya saki wani sinadarin girman mai suna VEGF, wanda ke kiran jijiyoyin jini su tsiro su zo gare shi, kamar mai janyo ruwa daga rijiyar maƙwabci zuwa lambunsa. Sababbin jijiyoyin na gaggawa ne, yoyo suke yi. Ruwan da ke tsiyaya daga cikinsu shi ke kumbura ƙwaƙwalwa ya ƙara ciwon kai.

Me ya sa ba a toshe bakin yaron kawai ba?

Tambayar da kowa zai yi ke nan, kuma masana ma ita suka yi. An ƙera magunguna irin su gefitinib da erlotinib da ke shiga wutsiyar EGFR su hana ta manna fosfet. A 2004 aka gano cewa masu kansar huhu da EGFR ɗinsu ya lalace suna samun sauƙi na ban mamaki da irin wannan magani. Kowa ya sa rai haka za ta faru a ƙwaƙwalwa. Aka gwada, bai yi ba.

Dalili na farko shi ne shinge. Jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa a liƙe suke gam, ba sa barin kowane abu ya tsallaka daga jini, har da wasu 'yan famfuna da ke tura baƙon sinadari waje idan ya shigo. Wannan shinge rahama ne, don shi ke kare mu daga guba. Amma bai san bambancin guba da magani ba. Na biyu, lalacewar EGFR ta huhu a wutsiyar ciki take, ta ƙwaƙwalwa kuma yawanci a ɓangaren waje, don haka mabuɗin da aka yanka wa wancan kwaɗo bai zauna daidai a wannan ba.

Na uku shi ya fi ba ni haushi. Duk wanda ya taɓa bin yayyensa haƙar gafiya ya san ba rami ɗaya gare ta ba. Ka toshe wannan, ta ɓulla ta wancan. A 2011 aka nuna cewa a cikin ƙari guda ɗaya, wasu ƙwayoyin da EGFR suka dogara, maƙwabtansu kuma da wasu makarɓan daban masu suna PDGFRA ko MET. Idan magani ya kashe na farko, sauran sun samu fili ke nan. A 2014 kuma aka gano cewa kwafin EGFRvIII sau da yawa a kan wasu 'yan zobban DNA suke, a wajen kuromosom. Idan magani ya zo sai zobban su ragu, idan aka daina sai su dawo. An ma yi wata allura da ke koya wa sojojin jiki farautar EGFRvIII, aka gwada ta a kan majinyata fiye da 700, amma a 2016 aka dakatar da gwajin don ba ta ƙara musu kwana ba. Maganin bevacizumab da ke tare VEGF, wanda Amurka ta amince da shi a 2009, yana rage kumburi, mutum ya ji dama-dama, amma shi ma ba a ga ya tsawaita rayuwa ba.

Saboda haka har yau abin da ake yi wa giliyobilastoma shi ne tiyata, sai gashi da na'ura, sai wani maganin kansa mai suna temozolomide. Tiyatar ba ta iya kwashe shi duka, don yana yaɗo ne a cikin lafiyayyar ƙwaƙwalwa kamar kiri-kiri a gona: ka nome na sama, saiwar tana ƙasa. A 2005 wani likita ɗan Suwizalan, Roger Stupp, ya jagoranci gwaji a kan mutum 573. Waɗanda aka yi wa gashi kaɗai, rabinsu sun wuce wata 12. Waɗanda aka haɗa musu da maganin, rabinsu sun wuce wata 14 da rabi. Wata biyu da rabi ke nan aka ƙara, kuma duniya ta ɗauke shi babban ci gaba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku irin ciwon. Shi ya kashe Beau Biden, ɗan tsohon shugaban Amurka Joe Biden, a 2015 yana da shekara 46, ya kuma kashe Sanata John McCain a 2018. Ba kuɗi ko asibiti suka rasa ba.

Na yara daban ne

Kada wannan ya karya mana gwiwa, domin ƙarin da ya fi kama sa'o'inmu ba shi ba ne. Wanda aka fi gani a yara shi ne giliyoma mai tafiyar hawainiya, musamman wani mai suna filositik astirosaitoma. Ya fi son ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, wadda ke kula da daidaiton tafiya. A 2008 aka gano cewa a yawancinsa matsalar ba a ƙofa take ba. Wani nau'in RAF ne mai suna BRAF ya manne da wani furotin da ba nasa ba, ya kasa yin shiru. Hanyar dai ɗaya ce, amma a tsakar gida aka samu mai ƙaryar sallama.

Shi wannan ƙari yakan zauna a dunƙule, kuma idan likita ya samu ya cire shi duka, sau da yawa shi ke nan. A ƙasashen da ake gano shi da wuri, fiye da yara 90 cikin 100 suna nan da ransu bayan shekara 10. Ga kuma inda ilimin nan na saƙo ya yi rana: a watan Maris na 2023 Amurka ta amince a ba yara masu wata lalacewar BRAF magunguna biyu a haɗe, dabrafenib mai tare RAF da trametinib mai tare MEK. A gwajin da aka yi, ƙarin ya ragu sosai a kashi 47 cikin 100 na yaran da suka sha su, a kan kashi 11 na waɗanda aka ba tsohon magani. A ganina dalilin a fili yake. Ƙarin yaran yawanci rami ɗaya gare shi, na manyan kuwa gidan gafiya ne. Akwai dai wasu na yara masu zafi, irin su medulobilastoma, waɗanda ke buƙatar tiyata da gashi da magani gaba ɗaya, amma su ma ana warkar da da yawa idan an zo da wuri.

Mu a nan

Wanda ya fara tiyatar ƙwaƙwalwa a matsayin fanni a Nijeriya shi ne Farfesa Latunde Odeku, a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1962. A Arewa akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wadda ba a ambatonta ba a ambaci Farfesa Bello Bala Shehu ba. Mafi kusa da mu shi ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da na'urorin CT da MRI, kuma akwai likitocin wannan tiyata. Gashi kuwa akan tura mutum wurare irin su Shika ta Zariya, ko Sakkwato, ko Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi kaɗan ga ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. Gwajin da ke nuna ko EGFR ne ko BRAF ne ya lalace ba kowane asibiti ke yin sa ba, sababbin magungunan kuma tsadarsu ta fi ƙarfin talaka. Abin da ke hannunmu shi ne lokaci, kuma shi muka fi yin asara.

Dalili kuwa, alamomin ƙarin ƙwaƙwalwa suna kama da abubuwan da muka saba ba wa wani suna. Yaro ya faɗi yana jijjiga, a ce iska ce. Halinsa ya canza, ya zama mai fushi ko mai yawan barci, a ce sammu ne ko taurin kai. Yana amai da ciwon kai, a yi ta saya masa maganin maleriya da taifot a kemis wata da watanni. Kafin a kai shi inda za a duba, idonsa ya tafi, kuma jijiyar ido idan ta mutu ba ta dawowa ko da an cire ƙarin. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, ana haɗa su ne.

Kada kuma kowa ya tsorata don kansa ya yi ciwo jiya. Ƙarin ƙwaƙwalwa ba ciwo ne mai yawa ba. Kusan duk ciwon kan da muke yi na rana ne, ko yunwa, ko zazzaɓi, ko rashin barci, ko ido mai neman tabarau. Wanda ake jin tsoro shi ne wanda ya ɗauki makonni yana ƙaruwa, ya fi tsanani da asuba ko ya tashe ka daga barci, ya zo da amai ba tare da zazzaɓi ko gudawa ba. Haka nan idan mutum ya fara ganin abu bibbiyu, ko ido ɗaya ya karkace, ko yana tangaɗi kamar zai faɗi, ko hannu da ƙafa na ɓari ɗaya sun yi sanyi, ko farfaɗiya ta fara masa alhali da ba ya yi. A jarirai kuma, kai ya riƙa girma fiye da kima, maɗiga ta kumbura.

Malamanmu, a nan kuna iya riga iyaye gani. Ku ne kuke duba littattafanmu kullum. Ɗalibin da rubutunsa ke da kyau sai ya koma kamar tafiyar kaza, ko mai ƙoƙari ya dawo ba ya gane abin da ke kan allo, ko yana yawan tuntuɓe a filin wasa, kafin a kai ga bulala a tambaye shi ko kansa na ciwo.

Mu kuma ɗalibai, ƙari ba a ɗaukarsa. Ba ya bin miyau, ko kwano, ko zama a benci ɗaya. Kuskuren DNA ne da ya faru a cikin ƙwayar mutum ɗaya, kuma a mafi yawan lokuta ba laifin kowa ba ne, ba kuma gado ba ne. Kaɗan ne ke bin jini, kamar masu lalurar NF1, wadda ke samun kamar mutum 1 cikin 3,000, ana gane ta da tabo-tabo masu ruwan ƙasa da ƙulli-ƙulli a fata. Maganar cewa wayar hannu ke kawo shi ma, wani babban nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wanda ya fito a 2024, bai samu alaƙa tsakaninsu ba. Idan wani ya faɗi yana jijjiga a aji, kada a watse a bar shi. A janye benci daga kusa da shi, a sa masa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a kwantar da shi ta gefe. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko wani jiƙo, kada a danne shi. Wani ya duba agogo, wani ya kira malami. Idan ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba, asibiti za a nufa kai tsaye.

Hanyar ba sai an fara da Kano ba. Daga Surko ko ƙauyukan Gwaram, a fara da asibitin da ke kusa, a nemi takardar turawa zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Likita yana da wata 'yar fitila da yake leƙa cikin ido da ita. Idan matsi ya yi yawa a cikin kai, bakin jijiyar ido yakan kumbura, kuma ana iya ganin haka cikin 'yan mintoci ba tare da an tsaga ko'ina ba. Shi zai faɗa ko sai an wuce Kano ɗaukar hoto. Mai rakiya ya tafi da kwalayen duk magungunan da aka riga aka sha, da takardar da aka rubuta ranar da kowace alama ta fara. Idan akwai mai babbar waya a gida, a ɗauki bidiyon jijjigar ko tangaɗin a nuna wa likita, don sau da yawa a gabansa abin ba ya tashi.

Mai tambaya ya rubuta a takarda ya ba kowane ɗan kulob, za mu kai wa malamin kimiyya, amsa ta fito a bango na gaba.